Digirin Farko a Ilimin Halayyar Ɗan Adam: Abin da Ya Ƙunsa a Najeriya

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake kira saikoloji a jami'o'i, fanni ne da ke nazarin tunani da ɗabi'un mutum ta hanyar gwaji da ƙididdiga. Masana na danganta tsayuwarsa da ƙafafunsa ga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus. A Najeriya kuwa, Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe a 1964. A Arewa ana koyar da shi a Jami'ar Jos da Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, da wasu kaɗan.

Karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga wanda aka ɗauka kai tsaye zuwa aji biyu. Ana neman kiredit biyar a sakandare, ciki har da Turanci da lissafi. Lissafin nan ba na ado ba ne. Ɗalibin da ya zo da zaton za a koya masa karanta zuciyar mutane zai tarar da darussan ƙididdiga, da yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, da girman yaro, da halayyar taron jama'a, kana ya rubuta bincikensa a shekarar ƙarshe.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne batun magani. Digirin farko ba ya mayar da mutum likitan ƙwaƙwalwa. Wannan sai wanda ya gama karatun likitanci ya kuma ƙware. Ko duba marasa lafiya ta hanyar tattaunawa a asibiti, kamar na gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna ko Maiduguri ko Kware, yana buƙatar digiri na biyu da horo ƙarƙashin ƙwararre. Mai digirin farko ya fi samun gurbi a sashen kula da ma'aikata, da gidajen gyaran hali, da makarantu, da ƙungiyoyin agaji.

Bukatar dai ba ɓoyayya ba ce. Rahoton shekarar 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a ƙasar, ga kuma waɗanda rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya bar wa firgici. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Sai dai doka ba ta ɗaukar ma'aikaci, kasafin kuɗi ke yin hakan.