Asalin Horon Ma'aikata

A zamanin En'en Gwandu, wadda ta haɗa da Jega da Aliero da Maiyama, sabon akawu a hannun tsoho yake koyon aiki. In tsohon gwani ne, madalla. In kuwa ba haka ba, yaro ya gaji kuskurensa, talakawa su sha wuya wajen haraji da shari'a. Don maganin irin wannan aka buɗe makarantar akawuna a Zariya. A 1954 ta zama ta koyon aikin mulki, a 1962 ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 ita ma ta tarad da wannan larura, gama takardar shaida ba ta koya wa malami koyarwa. Sai an gwada masa, ya yi, an gyara.