Abokan Zaman Kalma: Zaɓen Kalmomi a Jarrabawar Turanci

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in ɗaliban da ke shirin WAEC ko NECO ya san wannan al'ada: yaro ya kwana yana haddace manyan kalmomi daga ƙamus, gari na wayewa ya cusa su cikin rubutunsa ko sun shiga ko ba su shiga ba. A zatonsa nauyin kalma shi ke jawo maki. Ina ganin wannan zato ya kayar da ɗalibai da yawa, kuma mu malamai muna da hannu a ciki, domin mu ne muke yaba wa mai fasa Turanci a aji.

A tsarin WAEC, insha'i yana da maki 50, kuma 20 daga ciki na salon bayani ne, wato yadda kalmomi suka dace da juna da kuma batun. Haka jarrabawar IELTS ta sa wadatar kalmomi cikin ma'aunai huɗu na sashen rubutu, amma tana duba dacewarsu, ba yawansu kaɗai ba.

A nan ne Bahaushe ya kamata ya fi kowa saurin ganewa. Mu muna shan magani, mu sha iska, mu sha wahala. Muna cin jarrabawa, mu ci kasuwa, mu ci amana. Ba wanda ya koyi waɗannan daga ƙamus, a bakin mutane muka tsince su. Turanci ma haka yake. Na sha ganin takardar da aka rubuta “drink medicine” a gurbin “take medicine”, ko “strong rain” a gurbin “heavy rain”. Kowace kalma daidai take ita kaɗai, zaman nasu tare ne bai yiwu ba. Ɗalibin da ya musanya “strong” da “formidable” kuwa ya ƙara nisa ne kawai.

Tun 1953 wani masani mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turancin yau da kullum. Wanda ya san abokan zaman waɗannan ya fi wanda ya tara baƙin kalmomi da bai taɓa jin su cikin jimla ba.

Don haka ina roƙon malaman sakandare su daina ba da kalma tsirararta a kan allo. A rubuta ta cikin jimla, a sa yara su karanta jarida da littattafan labari, kowa ya riƙe ɗan littafin da zai riƙa kwafe kalma tare da maƙwabtanta.