Gado a Zongo: Daga Hannun Madugu Zuwa Littafin Banki

Jama'ar Zongo, manya da yara, ina neman izini in ɗan yi magana a kan abin da kowa ya san yana tafe, amma ba mai son a ambata shi a gabansa, watau abin da kan faru ga dukiyar mutum bayan an kai shi makwanci. Ni ba malami ba ne, ba kuwa lauya ba, akawu ne kurum. Amma na bi sawun yadda al'amarin gado ya yi ta juyawa a ƙasar nan ta Gana tun zuwan kakanninmu, na ga abu guda ne ke ta dawowa: duk sa'ad da doka ta sake, wanda ba shi da takarda shi ne a ƙasa.

Zamanin fatauci

Kakanninmu fatake ne. Su kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin tufa da fatu, su ƙetare Kwara, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su sayi goron da a ke kawowa daga dajin Asante. Tafiya ce ta watanni, ba kuwa kowa ke komawa ba. In ajali ya sami farke a hanya, sai madugu ya tara manyan ayari, a kwance kayan mamaci a gaban shaidu, a ƙidaya, a biya bashin da a ka sani, abin da ya saura madugu ya riƙe amana har ya danƙa wa magada. In a gari ya rasu, to, mai gidan da ya ke sauka wurinsa shi ke da magana, don shi ke ajiye masa kuɗi, shi ya san wanda ya karɓi goronsa bai biya ba tukuna.

Rabon kuwa a hannun malamai ya ke, bisa ga abin da ke cikin Risala da Muhtasar. Da farko a fid da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sauran a raba wa magada. Ba su da banki, amma idon jama'a shi ne littafin ajiyarsu. Mutum ba ya mallakar jaki goma ayari bai sani ba.

Kada kuma a zaci ba su san darajar rubutu ba. Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano, wanda ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Karaci cikin 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi da Larabci don koya wa mutane yadda a ke tsara wasiƙa. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta ke.

Zuwan Turawa da dokar 1907

Cikin 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu, waɗansu Karaci, waɗansu Ankara ta bakin teku. Turawa suka shiga Kumasi cikin 1896, jirgin ƙasa ya iso ta cikin 1903, zongonta ya bunƙasa. Baƙi suka zama mazauna, suka gina gidaje, suka yi auratayya da mutanen ƙasa. Wuri ya mutu, sule ya gaje shi. Bank of British West Africa ya buɗe a Ankara cikin 1896. Alhasan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar nan, uwarsa kuma ta zauna Ankara, shi ne ya kai raƙumi 20 na kuɗin azurfa reshen wannan banki na Kano cikin 1929. Daga nan mutane suka ga alama ajiya ta fara barin hannun mai gida, ta koma hannun akawu. Bambancinsu kuwa shi ne, mai gida ya san matanka da 'ya'yanka, akawu sai abin da ke rubuce.

Cikin 1907 gwamnatin Turawa ta kafa dokar auren Musulmi. Ta ce in an ɗaura aure, kafin mako ya cika sai ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limamin da gwamnati ta ba lasin su tafi ofishin Disi, watau baturen gunduma, a rubuta auren cikin rajista. Sashi na 10 na dokar ya ce wanda a ka rubuta aurensa, in ya mutu shari'ar Musulunci za a bi wajen raba dukiyarsa. Ƙofa ce a ka buɗe mana, amma kaɗan ne ƙwarai suka shiga. Mutanenmu suna ganin an ba da sadaki, an raba goro, an shafa fatiha, me kuma ya saura da za a kai wa Bature?

Abin da ya saura ya fito fili bayan samun mulkin kai. Cikin 1961, a shari'ar da a ke kira Kwakye da Tuba, Joji Ollennu ya yanke cewa Musulmin da ba a rubuta aurensa bisa dokar nan ba, al'adar ƙabilarsa za a bi wajen gadonsa. To, kowa ya sani wurin Asante da Fante ta wajen uwa a ke gado, ɗan 'yar'uwa ke gaba da ɗan cikin mutum. Ke nan Musulmi Ba'asante yana iya mutuwa ya bar mata da 'ya'ya, dangin uwarsa su zo su karɓi gida, kotu ta tsaya musu. 'Ya'yanmu mata nawa ke aure a irin waɗannan gidaje?

Abin da ya koya wa dattawa ɓoyo

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama kwana 14 su bar ƙasa. Har waɗanda a ka haifa a zongo ba su tsira ba in ba su da shaida a rubuce. An sayar da gidaje da rumfuna a banza, waɗansu kuwa an bar wa maƙwabta da baki kurum, magada suka zo daga baya ba su da abin nunawa.

Cikin Maris 1979 gwamnatin Janar Akuffo ta sake takardun kuɗi. Mai kuɗi a gida, sidi 7 a ka ba shi a kan kowane 10, abin da ya haura 5,000 kuwa rabi, amma na banki ba a rage shi ba. Cikin 1982 gwamnatin Rawlings ta janye takardar sidi 50, ta kuma sa a binciki masu ajiyar da ta wuce sidi 50,000 a banki. Wanda ya ɓoye a gida ya sha, wanda ya kai banki ya sha. Ba abin mamaki ba ne iyayenmu suka koyi rufe bakinsu. Sai dai ɓoyon da a ka yi don hukuma, magada ya ƙare yana cuta.

Dokar 1985

Cikin Yuni 1985 a ka kafa dokar gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda kowa ke kira Doka ta 111. Ta soke sashi na 10 na dokar 1907, ta hau kan kowa, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya. Niyyarta kyakkyawa ce, don a hana korar gwauraye da marayu daga gida a ka yi ta. Ta ba mata da 'ya'ya kayan ɗaki da gida guda, sauran dukiya kuwa ta yanka ta 16: mata 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, al'ada 2. Namiji da mace daidai su ke a wurinta.

Bari in yi lissafi irin namu na akawuna. A ce mutum ya bar mata ɗaya, da ɗa, da 'ya, da tsohuwarsa, da sidi 144,000 bayan an biya bashi. In malam ya raba, mata tana da tumuni, 18,000, uwa tana da sudusi, 24,000, ɗa 68,000, 'ya 34,000. In kotu ta raba, mata 27,000, ɗa da 'ya kowanne 40,500, uwa 18,000, sauran 18,000 a bi al'ada da shi. Kun ga ba wanda rabonsa ya zo ɗaya. Gaskiya ne har yau a zongo malam a ke kira ya raba, in kowa ya yarda shi ke nan. Amma in magaji guda ya ƙi, ya ɗauki lauya, to, Doka ta 111 za a buɗe.

Ƙofar da ta saura ita ce dokar wasiyya ta 1971. Duk wanda ya kai shekara 18 yana iya rubuta yadda za a yi da dukiyarsa, ya sa hannu a gaban shaidu biyu waɗanda ke wurin tare, su ma su sa hannu. Kada a sa mai rabo ya zama shaida. Wanda bai iya karatu ba, sai a karanta masa, a fassara, wanda ya karanta ya rubuta shaidar hakanan. Ana iya kai takardar Babbar Kotu a ajiye. Wani zai ce ai ba a yi wa magaji wasiyya. Haka ne. Amma takardar nan ba ƙara wa wani magaji za ta yi ba, umurni ne cewa a raba bisa farali, da sunan wanda zai tsaya a kai. Dā rajistar aure ce ke kai mutum ga rabon shari'a, yau kuwa takardar wasiyya ce.

Sunan da ke kan fom

A nan ne na fi ganin kuskure a bakin aiki. Mutum ya zo buɗe ajiya a banki, an tambaye shi sunan makusancinsa, ya rubuta ƙanensa, yana tsammani ya naɗa magaji ke nan. Ko kusa. Wannan suna na wanda za a nema ne in an rasa mai ajiya. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai an kawo takardar kotu, ko ta tabbatar da wasiyya, ko ta izinin kula da dukiya in babu wasiyya. Ajiyar da iyali ba su san da ita ba kuwa, bisa dokar bankuna ta 2016, in ta shekara 2 ba motsi sai a sa ta cikin masu barci, in ta kai 5 a miƙa ta ga Babban Bankin Gana. Magada suna iya nema, amma wa zai nemi abin da bai san da shi ba?

Fansho dabam ne. An fara tara wa ma'aikata kuɗin tsufa cikin 1965, an kafa SSNIT cikin 1972, an mai da tsarin ya zama fansho cikin 1991, dokar 2008 kuma ta sake gyara shi. A nan sunan da ka rubuta yana da ƙarfi, don da shi ofis zai yi aiki, sai dai doka ta ware wa 'ya'ya ƙanana kashi 60 cikin 100. Sau da yawa a kan tarar mutum ya cika fom tun yana saurayi, ya sa uwarsa da wansa, ya yi aure, ya ƙara, uwa ta rasu, bai koma ya gyara ba. Ran da ya faɗi, sai ka ga mata biyu da wan miji a bakin tebur guda, ba mai duban wani.

Tun 2009 kuma ga Momo ya shigo. Yau akwai mai sayar da shanu wanda rabin jarinsa ke cikin waya, ba wanda ya sani sai shi. Madugu dai a kan kwance kayan mamaci a gabansa. Waya fa?

Abin da ya kamata

Shawarata huɗu ce. Ta fari, kowane mai gida, da kowace uwargida mai sana'a, su rubuta abin da su ke da shi, da inda ya ke, da wanda su ke bi, da mai binsu, su ba amintacce ya ajiye. Ta biyu, a zaunar da malam da lauya wuri guda a tsara wasiyya, malam ya duba farali, lauya ya duba sa hannu. Ta uku, duk sa'ad da a ka yi aure, ko suna, ko saki, ko rasuwa, a koma ofis a gyara sunayen da ke kan fom, a kuma gaya wa wanda a ka rubuta abin da a ke nufi ya yi da kuɗin. Ta huɗu, a yi wa gida da fili takarda tun mai su yana da rai.

Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali, ƙin rubutawa kuma ba ya jinkirta shi. Kakanninmu ba su tashi ayari ba sai sun san wanda zai kai kayansu gida in ta Allah ta kasance. Mu da muka zauna wuri guda, bai kamata mu kasa su ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya jiƙan magabata, ya tsare mu daga cin haƙƙin maraya, ya sa mu cika da imani, amin.

Naku, wani akawu a Zongon Kumasi.