Dalilan da suka fitar da Sega daga kasuwar na'urorin wasan bidiyo

A ranar 31 ga Janairu, 2001, kamfanin Sega na ƙasar Japan ya sanar da cewa zai daina ƙera Dreamcast, na'urarsa ta ƙarshe ta wasan bidiyo. Shekara goma kafin nan, shi ne ke kafaɗa da kafaɗa da Nintendo a Amurka da na'urarsa Genesis. Babban abin da ya kayar da shi shi ne zubewar amana.

A wannan kasuwa ana sayar da na'ura da 'yar riba ko ma a faɗuwa, sannan a mayar da kuɗi daga kason da ake karɓa a kan kowane wasa. Saboda haka mai ƙera na'ura bai da ƙarfi sai da masu saye, da dillalai, da kamfanonin haɗa wasanni. Sega ya ɓata da dukkansu.

A Nuwamban 1994 ya fitar da 32X, wani ƙari da ake jona wa Genesis, a daidai watan da sabuwar na'urarsa Saturn ta shiga kasuwar Japan. Ba a jima ba ya yi watsi da 32X, waɗanda suka saya suka tashi a tutar babu. A Mayun 1995 kuma ya saki Saturn a Amurka kwatsam, wata huɗu kafin ranar da ya tsayar, a kan dala 399, kuma a zaɓaɓɓun shaguna kaɗai. Shagunan KB Toys, waɗanda aka tsallake, suka daina karɓar kayansa. Sony kuwa ya sa wa PlayStation dala 299.

Dreamcast ta isa Amurka ranar 9 ga Satumba, 1999, a kan dala 199, kuma ta samu karɓuwa da farko. Sai dai Electronic Arts, mai wasannin FIFA da Madden a lokacin, ya ƙi yi mata wasa. Da PlayStation 2 mai kunna faifan DVD ta fito a shekarar 2000, ciniki ya ja baya. Sega ya karya farashi, asara ta ƙaru. Dreamcast ta tsaya a wajen miliyan 9, PlayStation 2 ta haura miliyan 150.

Kyautar yen biliyan 85 da shugabansa Isao Okawa ya yi masa kafin rasuwarsa a Maris 2001 ta taimaka wajen ceto kamfanin. A 2004 ya haɗe da Sammy. A yau Sega wasanni yake haɗawa, kuma ana buga Sonic a na'urorin Nintendo, tsohon abokin hamayyarsa.