Yadda Giya Ta Samu Wurin Zama a Filin Zari-Ruga

Kafin a buɗe gasar cin kofin duniya ta zari-ruga a Japan a watan Satumba na 2019, masu shirya gasar sun riƙa jan kunnen masu mashaya da gidajen abinci a garuruwan da za a buga wasannin cewa su tanadi giya fiye da yadda suka saba, domin baƙin da ke tafe daga Ingila da Ireland da Ostireliya shansu ya wuce abin da Japanawa suka sani. Bayan shekara huɗu, a gasar 2023 a Faransa, cikin ƙorafe-ƙorafen makon farko har da na 'yan kallon da giya ta ƙare musu a filin wasa na Marseille.

Mutumin Bebeji ko Kiru zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Wasan bai yaɗu a wajenmu ba, giya kuwa addini ya haramta ta, dokar jiha ma ta hana. Sai dai duk yaron da ya biya kuɗin shiga gidan kallo a Kwanar Ɗangora ko Tiga ko Tudun Wada don gasar zakarun Turai, idonsa ya saba da sunan Heineken a allunan da suka kewaye fili, domin tun 2005 ake tallata shi a gasar. Daga kakar 2024 kuma Guinness ta shiga gasar Firimiya. Wannan ɗaurin aure tsakanin giya da wasa babu inda ya yi ƙarfi kamar a zari-ruga, kuma mutane ne suka ƙulla shi da hannunsu, mataki bayan mataki.

Wasan ya fito ne daga makarantar 'ya'yan masu hali da ke garin Rugby a Ingila, inda ɗalibai suka rubuta dokokinsa a 1845. Da suka gama karatu suka bazu, sai suka kakkafa ƙungiyoyi, yawancinsu ba su da ginin kansu. A mashayar unguwa ko otal ake taro, nan ake canza kaya, nan kuma ake komowa bayan wasa. Hukumar wasan ta Ingila ma a wani gidan cin abinci a Landan aka kafa ta ranar 26 ga Janairu, 1871, wata biyu kafin karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa, wadda Scotland ta yi da Ingila a Edinburgh. Hatta kofin Calcutta, wanda ƙasashen biyu ke takara a kansa tun 1879, labarinsa bai rabu da sha ba. Turawan mulkin mallaka ne suka kafa ƙungiya a Indiya, kuma cikin dalilan da ake bayarwa na mutuwarta har da daina ba mambobi abin sha kyauta. Kuɗin azurfar da suka rage a asusu aka narka aka ƙera kofin.

Babban abin da ya dasa al'adar, a ganina, shi ne ƙin biyan 'yan wasa. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila, waɗanda 'yan wasansu leburorin ma'adinai da masaƙu ne, suka ɓalle saboda an hana a biya su ladan ranar aikin da suka rasa. Waɗanda suka rage suka kafe a kan cewa ɗan zari-ruga ba ya karɓar ko sisi, haka kuwa aka tafi har shekara ɗari. To, mutumin da ya yi minti 80 ana kayar da shi cikin laka da sanyi, da me za a saka masa? Sai aka saka masa da liyafa. Masu gida su ciyar da baƙi, su shayar da su, waɗanda suka fasa wa juna baki ɗazu su zauna tebur ɗaya. Faransawa har ɗaukar wannan zama suke yi a matsayin zango na uku na wasan. Cinikin mashayar kulob kuma shi ke biyan kuɗin fili da riguna. 'Yan kallo, waɗanda da yawansu tsofaffin 'yan wasa ne, suka ɗauko ɗabi'ar suka hau da ita kan kujerun kallo, suka riƙa tsallaka ruwa da ita zuwa Dublin da Paris duk shekara.

Karrama baƙon da ke cikin wannan al'ada abin yabo ne, ba na musu. Amma ɓarnar ta bayyana tun da wuri. A 1982, a liyafar bayan wasa a Paris, ɗan wasan Ingila Colin Smart ya kwankwaɗi kwalbar turaren aski cikin wasan shaye-shaye, sai a asibiti aka wanke masa ciki. A 1988 John Jeffrey na Scotland da Dean Richards na Ingila suka fita da kofin Calcutta kan titin Edinburgh cikin maye suka lotsa shi.

Sai doka ta zo ta ƙara wa al'adar gindi. Bayan tarzomar masu kallon ƙwallon ƙafa a filin Heysel a watan Mayun 1985, inda mutum 39 suka mutu, gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta hana shan barasa a inda ake hangen fili a wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila da Wales. Dokar ba ta taɓa zari-ruga ba. An ɗauki masu kallon ƙwallon ƙafa a matsayin talakawa masu rigima, na zari-ruga kuwa masu natsuwa da ba a ma raba magoya bayan ɓangarorin biyu. Har yau mutum zai zauna da kofin giya a hannu a filin zari-ruga na Twickenham, amma ba zai yi haka a wasan Firimiya ba.

Kamfanoni sun ga wannan ƙofa. A watan Agustan 1995, bayan gasar duniya da Afirka ta Kudu ta ci a gaban Nelson Mandela, aka halatta biyan 'yan wasa, wasan ya shiga neman kuɗi ido rufe. A shekarar ce aka fara gasar ƙungiyoyin Turai da sunan Heineken. Castle ta rungumi 'yan wasan Afirka ta Kudu, Steinlager na tare da na New Zealand tun kafin nan, Guinness ta sayi sunan gasar ƙasashe shida daga 2019, Asahi ta Japan kuma ta karɓi gasar duniya ta 2023. Faransa ce ta yi turjiya da dokarta ta 1991 mai taƙaita tallan barasa, amma aka zagaye ta: kofin Heineken ya koma harafin H kaɗai a can, launi da salon rubutu suka ci gaba da isar da saƙo.

Mu a nan tarihinmu ya bi wata hanya dabam. Ba za a ce ƙasar Kano ba ta san giya ba. Maguzawan karkara suna dafa ta da dawa, ana sha a gayya da biki da wajen tsafi, kamar yadda Joseph Greenberg ya rubuta bayan zamansa cikinsu a ƙarshen shekarun 1930. Amma dambe da kokawa da ake yi bayan kaka, kalangu da kirari ne ke tara musu jama'a, mai rake da mai tsire da mai fura ne ke cin kasuwarsu. Turawan da suka kawo wasanninsu sun tarar da yarjejeniyar Brussels ta 1890, wadda a ƙarƙashinta aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje a Arewa, don haka shansu ya tsaya a kulob-kulob ɗinsu, daga baya ya samu mafaka a Sabon Gari da barikoki. Da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, aka kafa hukumar Hisbah da doka a 2003, sai katangar ta ƙara tsawo. A watan Fabrairun 2022 hukumar ta farfasa kwalabe kusan miliyan 4 a zama ɗaya.

Duk da haka sunayen kamfanonin giyar sun shigo. Maltina, wadda kamfanin Nigerian Breweries ya fito da ita a 1976, da Malta Guinness, suna cikin firjin mai shago daga Kofa har Riruwai, ba mai ɗaga gira. Irin wannan hanya kamfanonin ke bi yanzu a filayen Turai, inda suke tallata giyar da aka cire wa sinadarin maye da suna iri ɗaya da mai bugarwa. Ina ganin ya kamata iyaye da masu gidajen kallo da masu horar da yara su san haka, musamman da yake Kano na da ƙungiyar zari-ruga ta Barewa, kuma duk wasan da ya girma sai mai ɗaukar nauyi ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.

A Turai ma an fara gajiya. Filin Cardiff ya keɓe sashen da ba a sha a 2018, bayan koke-koken iyalai da ake sheƙa wa giya a jiki, kuma ake tashinsu tsaye kowane lokaci don masu zuwa sayo ƙari su wuce. A gasar ƙasashe shida ta 2022 aka rage ƙarfin giyar da ake sayarwa a filin, aka kuma rufe wuraren sayarwa bayan hutun rabin lokaci. A ƙwallon ƙafa, Katar ta hana sayar da giya a filayenta saura kwana biyu a fara gasar duniya ta 2022, duk da kwangilar Budweiser, aka kuma yi gasar har ƙarshe. Cikin 'yan wasan kansu akwai Sonny Bill Williams na New Zealand, wanda ya musulunta lokacin da yake wasa a Toulon, ya kuma ci kofin duniya a 2011 da 2015. A 2017 ya rufe tambarin banki da ke wuyan rigarsa, hukumar wasan ƙasarsa kuma ta amince masa kada ya sa tallan bankin ruwa ko na caca ko na barasa.