Tausa: daga hannun ungozoma zuwa ɗakin kine

Tausa ita ce murza tsoka da jijiyoyin jiki da hannu a hankali, domin rage ciwo, taurin gaɓoɓi ko gajiya. Ta bambanta da ɗori, wanda shi aikin maɗori ne na mayar da ƙashin da ya karye ko ya goce.

A Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, tausa gado ce da ake koya a cikin gida ta hanyar kallo da gwadawa. Babbar mai riƙe da ita ita ce ungozoma. Bayan haihuwa takan yi wa jariri wanka da ruwan ɗumi, ta shafe shi da man kaɗe ko man shanu, sannan ta miƙe masa hannuwa da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ita ma mai jego ana tausa mata baya da ciki a cikin kwanaki 40 na wankan jego. Ƴan kokowa na tausa wa juna bayan karawa, jikoki kuma na tausa wa kakanni ƙafa da dare.

Tausar asibiti kuwa daga Turai ta fito. A shekarar 1813, Pehr Henrik Ling ya buɗe makarantar motsa jiki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin, inda aka tsara motsa gaɓoɓi a matsayin magani. A 1946 Faransa ta kafa dokar ba da takardar shaida ga masu wannan sana'a. Da yake tsarin kiwon lafiya na Nijar ya biyo na Faransa, wadda ta kama Zinder a 1899, aikin ya shigo manyan asibitoci da sunan da aka taƙaita zuwa kine. Ana yi wa masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka cire wa filasta.

Akwai kuma salo mai sauƙi ƙwarai da Tom Bowen (1916–1982) ya fito da shi a garin Geelong na Ostiraliya. Bowen bai yi karatun likita ba. Yakan mirgina tsoka da yatsu sau kaɗan, ya dakata na ƴan mintoci, sannan ya ci gaba. Bayan rasuwarsa, Oswald Rentsch da matarsa Elaine suka fara koyar da salon a 1986.

Tausa na da iyaka. Likitoci na hana yin ta a kan karaya, ƙuna ko buɗaɗɗen rauni. Haka nan idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman ga mai jego: mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, kuma murzawa na iya tura shi zuwa huhu. Irin wannan, asibiti za a kai mara lafiya nan take.