Shekara Hamsin da Shirin UPE: Daga Ina Ƙarancin Malaman Firamare Ya Samo Asali?

A watan Satumba na 2026 shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE, ke cika shekara hamsin. Ranar 6 ga Satumba, 1976, Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Legas, kuma har yau sunan shirin ba ya ɓacewa a duk inda ake gardama kan ƙarancin malamai a makarantun gwamnati. Wasu na ganin a wannan rana ce aka karya ƙashin bayan aikin koyarwa, musamman a Arewa. Wasu kuma na cewa an bar jaki ana dukan taiki, domin ɓarnar daga baya ta zo, lokacin da gwamnatoci suka yi ta jefa wa juna nauyin albashin malami. Kafin a auna maganganun biyu, sai an waiwayi yadda Arewa ke samun malamanta tun farko.

Ilimin boko na gwamnati ya shigo Arewa ne ta ƙofar horon malamai. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ajin malamai, waɗanda aka riƙa turawa larduna su buɗe makarantu. Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921 kuma Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922, an kafa ta ne musamman domin samar da malamai ga makarantun larduna. Ɗalibanta kaɗan ne, an tace su an rairaye, kuma shekara biyar suke yi. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauci, Aliyu Makaman Bida a ta Bida, Isa Kaita da Abubakar Imam a ta Katsina. A wancan zamani malamin makaranta na cikin mutanen da aka fi gani da mutunci a gari.

Wannan daraja ita ce ta fara jawo ƙaranci. Da siyasa ta kankama a shekarun 1950, Arewa ta duba ba ta ga waɗanda za ta tura majalisa da ma'aikatu ba sai malamanta. Malam Aminu Kano, wanda ya kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, ya bar kwalejin horon malamai ta Maru ya shiga siyasa. Shehu Shagari ya bar alli ya tafi majalisa. Manufar Sardauna Ahmadu Bello ta cike ofisoshin gwamnati da 'yan Arewa ta ƙara kwashe ragowar. Gurbin da aka bari a sakandare sai aka cike shi da baƙi daga Ingila da Indiya da Pakistan da Masar, har da matasan sa-kai daga Amurka. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya yi gargaɗi a kan giɓin malamai, abin da ya kai ga kafa manyan kwalejojin horon malamai, irin ta Zariya a 1962, masu ba da takardar NCE.

Firamare kuwa ta dogara ne da wani tsari na daban, wato kwalejojin da ke ba da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu, irin na Toro da Bichi da Wudil da Maru, da takwarorinsu na mata. Yaro na gama firamare sai a ɗauke shi ya yi shekara biyar a makarantar kwana. Ci da sha da tufafi da littattafai duk na hukuma ne, har da ɗan kuɗin kashewa. Ana koya masa dukkan darussan da zai koyar a aji, da dabarun koyarwa, da rubutun allo, da tsara darasi, sannan a tura shi gwajin koyarwa ƙarƙashin idon malamansa. In ya gama aiki na jiransa, galibi a yankinsu. Ɗan talakan ƙauye da iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyin karatunsa ba, ta wannan hanya yake zama ma'aikaci, ƙauyensu kuma ya samu malami ɗan gida.

A kan wannan tsari ne aka aza UPE. A watan Janairu na 1974, a Sakkwato, Janar Yakubu Gowon ya ba da sanarwar cewa gwamnatin tarayya za ta fara ilimin firamare kyauta a faɗin ƙasa a 1976. Lokacin farashin man fetur ya ninka har wajen sau huɗu, baitulmali ya cika. Dalilin siyasa ma a bayyane yake. Jihar Yamma ta fara ilimi kyauta tun 1955 a ƙarƙashin Awolowo, Gabas ta biyo baya a 1957, yayin da a jihohi irin su Kano da Arewa maso Yamma akasarin yara ba su taɓa taka aji ba. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa shekara huɗu kacal kafin nan tana ganin wannan tazara barazana ce ga haɗin kanta. An kifar da Gowon a Yuli 1975, aka kashe magajinsa Murtala a Fabrairu 1976, amma babu wanda ya ɗage ranar da aka tsayar.

Lissafi ɗaya ne masu sukar shirin suke kafa hujja da shi, kuma lissafin daidai ne. Horon malami shekara biyar ne, tsakanin sanarwa da ƙaddamarwa kuwa shekara biyu da 'yan watanni. Ke nan yaron da aka ɗauka a 1974 ba zai fito ba sai 1979. Don haka aka shiga shirin gaggawa. Aka buɗe sababbin kwalejoji, aka faɗaɗa tsofaffi, aka tsara kwas na shekara ɗaya ga wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, na shekara biyu ga wanda ya faɗi. Duk da haka, da ranar ta zo, masu tsare-tsare da suka yi hasashen yara miliyan 2.3 a aji ɗaya sai suka ga wajen miliyan uku. Wasu sun wuce shekara shida, wasu ba su kai ba, kuma babu takardar haihuwa da za a tantance. Aka yi karatu a gindin bishiya da rumfunan kara. Aka kira tsofaffin malamai da suka yi ritaya, aka ɗauki malaman wucin gadi, cikinsu har da waɗanda iyakar karatunsu aji bakwai na firamare.

Masu wannan ra'ayi suna cewa sauri ya haifi nawa. A faɗarsu, tun daga lokacin koyarwa ta zama aikin wanda ya rasa abin yi, malamin da bai ƙware ba ya yaye ɗalibin da bai ƙware ba, ɗalibin ya shiga kwaleji ya dawo ya zama malami, abin ya riƙa juyawa. Suna ƙarawa da cewa ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati da ake kira Udoji, da aka biya a farkon 1975, da haɓakar kwangila da bankuna a zamanin, sun buɗe wa haziƙai ƙofofin da suka fi aji maiƙo.

Sai dai wannan bayani ya tsallake abubuwa biyu. Na farko, da an jira sai malamai sun wadata kafin a buɗe makarantu, da Arewa ba ta samu waɗanda za ta horar ba, domin malamin gobe daga ajin yau yake fitowa. Ɗimbin likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a na Arewa da ke shirin ritaya a yanzu 'yan UPE ne, kuma da yawansu 'ya'yan manoma ne da ba don shirin ba da ba su ga allo ba. Na biyu, waɗanda suka tsara shirin sun san da giɓin kuma sun yi masa tanadi. A 1976 ɗin aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, domin malamin da ba shi da takarda ya yi karatu daga gida da lokacin hutu har ya samu. Kwalejoji kuma sun fara yaye ɗaliban da suka ɗauka a 1974. Zuwa 1980 raunin ya kama hanyar warkewa.

Abin da ya hana shi warkewa kuɗi ne. Tsarin mulkin 1979 ya ɗora nauyin firamare a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi, gwamnatin tarayya ta janye hannunta a daidai lokacin da farashin mai ya faɗi. A farkon shekarun 1980 malamai a jihohi da dama sun yi watanni babu albashi. Yajin aiki ya rufe makarantu, wasu jihohi suka dawo da kuɗin makaranta, iyaye suka janye 'ya'yansu. Korar baƙin haure ta Janairu 1983 ta tafi da malamai 'yan Gana masu yawa, faɗuwar darajar naira bayan 1986 kuma ta sallami Indiyawa da sauran baƙi masu koyar da lissafi da kimiyya. Malamin da ya samu hanya ya gudu. Wanda ya tsaya ya raba hankalinsa tsakanin aji da gona ko kasuwa.

Akwai wata shaida da ke ƙarfafa wannan ra'ayi na biyu. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, wadda ta riƙa karɓar kuɗin albashi kai tsaye daga asusun tarayya, sai biyan malamai ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka mayar da komai ga ƙananan hukumomi, nan take bashin albashi da yajin aiki suka dawo, har aka sake kafa ta a 1993. Malaman dai su ne ba su canza ba, takardunsu ma haka. Abin da ya canza shi ne hannun da kuɗin ke bi.

Bayan matsalar kuɗi, kuskure na biyu shi ne rufe kwalejojin horon malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa wata rana NCE ce za ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa, kuma a shekarun 1990 aka yi ta mayar da kwalejojin makarantun sakandare. Niyyar ɗaga darajar aikin ce, amma NCE an tsara ta ne tun asali domin ƙananan azuzuwan sakandare, inda ɗalibi ke haɗa darasi biyu ya ƙware a kansu. Ajin firamare kuwa yana neman mai koya wa ɗan shekara shida haɗa baƙi da wasali da ƙirga. Aka kuma rasa ciyarwa da kuɗin kashewa da tabbacin aiki, abubuwan da ke jan ɗan ƙauye. Kwalejin ilimi ta zama mafakar wanda makinsa bai kai na jami'a ba. Shi ya sa a yau ake ganin abu biyu a lokaci guda: dubban masu NCE na zaune ba aiki, makarantar ƙauye kuma na da malami biyu ko uku a kan aji shida, alhali manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35.

Abin da ya biyo baya maimaici ne. Obasanjo ya ƙaddamar da sabon shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato a Satumba 1999, dokar 2004 ta ware masa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma akasarin kuɗin na gini da kayan aiki ne, albashi ya ci gaba da zama a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Aka yi ta toshe giɓi da masu yi wa ƙasa hidima da matasan N-Power da malaman sa-kai da iyaye ke biya.

Taƙaddamar Kaduna ta 2017 ta sake tayar da tsohuwar gardamar. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 a tambayoyin 'yan aji huɗu, ta sallame su da alƙawarin ɗaukar 25,000. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce hukumar rajistar malamai ta ƙasa ce ke da hurumin irin wannan gwaji, ta tafi yajin aiki a Janairu 2018. Gwamnati ta yi gaskiya cewa wanda bai iya karatu ba bai dace ya tsaya gaban yara ba. Amma waɗannan malamai ba su ne suka ɗauki kansu aiki ba. 'Yan siyasa ne suka raba gurabun ga magoya baya, kuma kora ba ta gyara kwalejin da ta ba su takarda. A 2020 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin tsarin albashi na musamman da alawus na karkara, a 2022 ya sa hannu kan dokar da ta kai shekarun ritayar malami 65 ko shekara 40 na aiki. Tsawaita ritaya na riƙe tsofaffi na ɗan lokaci, sabon tsarin albashin da zai jawo matasa kuwa har yanzu bai kai ga aljihun akasarin malamai ba.

Tarihin shekara hamsin ya nuna cewa laifin UPE gaggawa ne, kuma gaggawa tana gyaruwa cikin shekara goma. Abin da ya daɗe yana cin makarantun gwamnati shi ne barin albashin malami a hannun matakin gwamnati mafi rauni, da rushe hanyar da ke ɗauko ɗan ƙauye ta horar da shi ta mayar da shi ƙauyensu. Saboda haka gyaran ma sananne ne, domin an taɓa gwada shi ya yi aiki: a killace kuɗin albashi tun daga tushe yadda hannu ba zai kai gare shi ba, a ɗauki ɗaliban koyarwa daga yankunan da ke da buƙata a ɗauki nauyinsu da sharaɗin su koma can su yi aiki, a maye gurbin duk wanda ya yi ritaya ko ya rasu a cikin shekarar, a kuma cire hannun 'yan siyasa daga ɗaukar malamai. Wannan nauyi yana wuyan gwamnonin Arewa da majalisun jihohinsu, kuma haƙƙin iyaye ne su tambayi duk mai neman ƙuri'arsu malamai nawa zai ɗauka da kuma inda albashinsu zai fito.